Sanarwar rasuwar Malam Hamidu

Ban taɓa mantawa da wata Laraba ta bazarar 1997 ba, ƙarfe goma na safe, a ofishin sanarwa na tasharmu ta rediyo a Tahoua. Mu uku ne: ni, da shugaban tasha, da Baba Illiyasu, wanda ya shekara ashirin yana karanta sanarwar rasuwa.

A lokacin albashi sai ya ga dama yake zuwa. Ni kuwa na yi wata shida ina koyon ordinatar, wato kwamfuta, da yamma a wani furoje, wato shirin raya kiwo. Sun ba ni takardar aikin sakatare, kwangilar shekara biyu, da kuɗi masu kauri, kuma ranar Juma'a zan ba su amsa. Abokan aiki har sun laƙaba mini suna Mushe Ordinatar, wato Malam Kwamfuta.

Ga yadda ake sanarwar rasuwa. Dangi kan kawo sunayen masu sanarwa a takarda, mai karatu ya gyara, ya karanta. Ranar Litinin Baba Illiyasu ya tafi asibiti, aikin ya faɗo kaina. Aka kawo takarda daga Barmou: Malam Hamidu ya rasu, sunaye talatin, rubutu kamar tonon kaji. Na kai ta furoje na buga, na danna maɓalli ɗaya, na'ura ta jera sunayen daga A zuwa Z. Na karanta da muryar da nake alfahari da ita.

Abin da ban sani ba shi ne, a ƙasarmu ta Ader sunan farko shi ne babban gida, kuma ƙofarsa ake zuwa gaisuwa.

Ranar Laraba sai ga wani dattijo ya shigo, ya zauna ba tare da an ba shi kujera ba. Alhaji Zakari ne, yayan mamacin.

"Wa ay yi karatun shekaranjiya?"

Na ce ni ne, Alhaji.

"Ɗana, muryarka da daɗi. Amma mi ni yi maka? Mutanen Affala da Tébaram sun taho da hatsi, sunka wuce ƙohwata, sunka zube gidan Abdu mai facin taya. Suruki na fa! Kwana biyu shina amsar gaisuwa da rawani, ni ko ina zamne bisa tabarma da ƙudaje."

Shugaban tasha ya tsura wa rufi ido. Baba Illiyasu ya karɓi takardata, ya juya ta.

"Tsabta kam akwai," ya ce. "Mushe Ordinatar, injin naka ya san wa ar riga wa haihuwa?"

Ya yi wa Alhaji tambaya uku: su wa suke ɗaki ɗaya da mamaci, wa ya bi wa, su wa aure ya kawo. Cikin minti goma ya sake jeri da biro. Sannan ya miƙo mini.

"Kai kaɓ ɓata, kai ka gyarawa. In ka zo sunan Alhaji, ka numfasa. Kada ka yi gudu, ba Faransanci ba ne."

Na karanta gyaran sau uku a ranar. Alhaji ya tsaya bayan gilashi har na gama, ya ce Abdu zai maido da hatsin, rawanin kuwa ya bar masa.

Shekara takwas ina gaban makirfo, ina zaton aikin murya ne. Ranar na gane rabinsa sanin mutane ne, kuma ba a koyonsa a wata shida.

Ranar Juma'a na roƙi furoje su ɗauke ni rabin yini, da rabin kuɗi. Suka yarda. Safiya kuma na zauna kusa da Baba Illiyasu da littafi, ina rubuta gidajen Ader da tsatsonsu. Furoje ya rufe da cikar kwangilarsa. Baba Illiyasu ya yi ritaya a 1999, aka ba ni teburinsa.