Igiyar Ƙararrawar Masunta

Ana sallame asuba na fito daga unguwarmu Morrisania, a yankin Bronx na birnin New York, na biya gidan tsohon Baturen da nake aikin kula da shi. 'Yarsa ta ja mota, muka nufi tsibirin da aka haife shi, can ƙarshen Bronx. Za a rufe cocin Katolika na garin saboda jama'a sun watse, ranar ce addu'ar ƙarshe. Shi kuwa Baba, kamar yadda nake kiran tsohon, ya rantse sai ya kaɗa ƙararrawar cocin a tsaye, mutumin da ko banɗaki sai na ɗaga shi daga keken guragu.

Muna haye gada na ji kamar mun bar New York. Babu dogayen benaye, sai gidajen katako da kwale-kwale da ƙarnin kifi. Na taya soyayyen jatan lande, ina jin farashi yunwar ta kwanta da kanta.

Cocin ɗan ƙarami ne. Baba ya ce masunta ne suka gina shi da katakon tsofaffin jiragensu, har da mahaifinsa. Ƙararrawar kuma ba don ibada kaɗai aka rataye ta ba. In hazo ya rufe teku, ita ake ta kaɗawa har masunta su bi sautinta su dawo gida. Tun yana saurayi shi ke jan igiyar.

Da lokaci ya yi ya yunƙura, ƙafafu suka ce ba da su ba. 'Yarsa ta ce, "Baba, ka ja daga zaune mana." Ya kau da kai, idonsa ya ciko. Abin ya sosa min rai. Na zagaya bayansa, na tallabo shi ta hammata yadda nake yi kullum da safe, na ce, "Baba, ja naka ne, tsayuwa tawa ce." Ya miƙe, ya jingina da ƙirjina, ya ja. Can bakin ruwa wani jirgi ya amsa da hon, sauran suka biyo baya.

A hanyar dawowa shi barci ya yi, ni kuwa alfahari ya hana ni rufe baki. Da magariba a masallacinmu wani ya tsokane ni, wai na zama mai kaɗa ƙararrawar coci. Na ce, "Malam, ban taɓa igiya ba, mutum na riƙe."

Mutanen gida kan tambaye ni aikin me nake yi a Amurka. Yanzu amsata a shirye take: ina tsayar da wanda ƙafa ta gaza masa.