Duniyar Da Yaya Luba Take Ginawa Da Laka

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka yayata, Malama Luba, makwancinta. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kanta ba, addu'a nake yi in ja bakina, don ita ma ba ta son a cika ta da yabo. Bana dai shirun ya gagare ni, saboda saura ƙiris a zuba siminti a kan abin da ta bari.

Ga wanda bai san ta ba, malamar labarin ƙasa ce a wata sakandaren 'yan mata da ke unguwar Mabera a Sakkwato. Mu 'yan Dundaye ne, gidan noma, gero da dawa a tudu, shinkafa a fadama. Ita ce babba, ni ne auta, kuma har na yi furfura ba ta daina aike na ba. Tun muna yara haka take. Ka tambaye ta hanyar gidan wani, ba za ta gaya maka da baki ba, sai ta tsuguna ta tsinci kara ta zana maka a ƙasa, har da inda karen gidan yake kwanciya.

Da ta zama malama, wannan halin ne ya bi ta aji. Duk shekara in jarrabawar fita ta matso, lokacin da zafin Sakkwato yake sa mutum ya tuba, sauran malamai suna bitar darasi a allo, ita kuwa sai ta kwashi ɗalibanta da sassafe zuwa wani fili a bayan azuzuwa, gindin dogonyaro. A nan suke gina duniya. Ta fara miƙa igiya daga gabas zuwa yamma, ta ce wannan ce ta raba duniya biyu, a kanta rana ta fi zafi. Ta gicciya wata daga arewa zuwa kudu, kuma arewar gaske, wadda in ka bi ta za ka faɗa Nijar. Daga nan 'yan mata su naɗe hannun riga su shiga laka. Nahiyoyi da laka, hamada da yashi, ƙanƙarar ƙarshen duniya da toka, teku kuma a barbaɗa bular wanki. Inda ake noma shinkafa a zuba shinkafa, inda ake gero a zuba gero. Wata shekara akuyar maigadi ta shigo ta cinye rabin Asiya kafin a ankara.

Lakar kuwa ni ne mai kawo ta. Daga fadamarmu nake ɗebo ta a buhu, in ɗaura a babur, in taho ina ƙunƙuni. Na sha ce mata, Yaya, mutum da digirinsa ya koma wasan ƙasa? Amsarta ɗaya ce kullum: "Auta, laka nika so, ba surutu ba."

Dokarta ita ce ba a kwafa. A kalli taswirar bango a ƙoshi, sannan a juya mata baya a gina da ka. A nan asirin kowa yake tonuwa. Nijeriya takan kumbura ta cinye rabin Afirka, sai Yaya ta riƙe haɓa ta ce, "Kun cinye ma maƙwabta ƙasa, ina kuka so su zamna?" A rushe, a sake. In an gama ta ɗauki buta ta tsiyaya ruwa a kan tuddan Gini, yara su ga Kwara, babban kogin nan, ta nufi hamada kamar ta ɓata hanya, ta karyo kwana ta gangaro, gulbinmu na Rima ya same ta, su tafi teku tare. Yarinyar da ta tona wannan hanya da yatsanta ba ta ƙara mantawa da ita.

Amma abin da aka fi tuna ta da shi yana zuwa ne a ƙarshe. Tana da wata 'yar tukunyar ƙasa ta mahaifiyarmu, sai ta kife ta a inda Makka take, ta ce kada wadda ta kuskura ta tsallaka ta. Ta rarraba yara, ke tsaya Masar, ke Turkiyya, ke Kenya, ke Indiya. Sannan ta ce kowa ta fuskanci alƙibla. Nan take duk su juya gabas, don tun da aka haife mu a garin nan gabas muka san ana kallo, kuma ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa akwai Musulmin da yake kallon wani wuri ba. Rabin ajin sai ga su sun ba tukunya baya. Yaya tsayawa take tana murmushi har sai wata ta waiwaya.

Wata shekara na makara da tafiya, na tsaya kallo. Akwai wata yarinya, Shafa, 'yar Unguwar Rogo, aka tsayar da ita a Indunusiya. Kowa ta gane ta juyo, ita ta kafe. "Malama, ni ba ni salla yamma," in ji ta, idonta ya cika da hawaye. "Babana malami na, in ya ji mi za ni ce mishi?" Yaya ba ta yi mata dariya ba, ba ta kuma bari an yi ba. Ta ɗaura zare a wuyan tukunyar, ta miƙa mata ɗaya bakin, ta ce, "Riƙa, ɗiyata. Bi shi da ido ki gaya min inda yat tahi." Yarinyar ta daɗe tana kallon zaren nan, sannan a hankali ta juya. Washegari ta dawo da saƙon mahaifinta, ya ce a gaida Malama, abin da ta faɗa haka yake a littattafai, shi ne bai taɓa tunanin gaya wa yaran gida ba.

Nakan tambayi kaina, da Yaya za ta leƙo yau, me za ta ce? Jikokina in sun je baƙon wuri waya suke ɗagawa, kibiya ta nuna musu alƙibla, su tayar da salla. Na san za ta yi tsiya, ta ce an ba su kibiya an karɓe musu kai. Amma na san ta, tsiyar ba za ta daɗe ba. Matar da ta yi shekaru tana lallaɓa tsohuwar taswira da ta yage a daidai Ostareliya, a nuna mata waya da ake ganin duniya daga sama, a matso har a ga rufin ɗaki? Wallahi sai an ƙwace wayar daga hannunta. Gonarmu ta Dundaye za ta fara nema, sannan ta ce a kai yara fili su gina abin da suka gani.

Bayan rasuwarta abin ya yi ta ja da baya. Wasu malamai sun gwada, suka gaji, don aikin yana da wahala kuma ba ya cikin abin da ake duba malami da shi. Ni ma na daina zuwa ɗebo laka, na ɗauki tukunyar na ajiye a ɗakina. In na bi ta Mabera nakan kau da kai daga katangar makarantar, don raina ba ya so.

Ana nan, farkon bazarar bana, sai ga sallama a ƙofar gidana. Wata mata ce da goyo, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ba ka gane ni ba? Ni ta Shafa, ta Indunusiya." Ashe ta yi karatu ta dawo makarantar, ita take koyar da darasin Yaya. Ta ce ɗalibanta suna jero manyan biranen duniya kamar karatun allo, amma ta tsayar da su a bakin ƙofa ta ce su nuna mata Nijar, wata ta nuna kudu. Tana so ta dawo da ginin laka, sai ga shi an yanke shawarar shafe filin da siminti in an yi hutu. Ta roƙe ni abu biyu, laka da kuma rakiya wurin shugabar makaranta.

Ba zan zalunci Hajiya shugaba ba, tana da hujjarta. Ta karɓe mu da mutunci, ta ce, "Malam, ba ƙin marigayiya nika yi ba. Wuringa in damina ta kama tabki na, sauro da caɓi, ɗiyan mutane suna zamewa." Gaskiya ta faɗa, kuma ni ba gwanin magana ba ne. Abin da muka samu kawai shi ne izinin a yi sau ɗaya, na bankwana.

Na koma fadama da gwiwoyin da ba su da sauran ƙarfi, na ɗebo laka. Ranar da aka yi, ina zaune a kan benci ina kallo, zuciyata ta karye, don komai ya dawo. Nijeriya ta sake kumbura. Shafa ta riƙe haɓa, ban san ko ta san irin riƙon wa take yi ba. Da aka zo ƙarshe na ciro tukunyar daga jaka na miƙa mata. Ta kife ta, ta rarraba yara, ta ce a fuskanci alƙibla. Duk suka juya gabas. Sai wata ta waiwaya, sai ihu da dariya, ta Turkiyya ta juya kudu, ta Kenya ta juya arewa, ta Indiya ta juya yamma tana dafe da ƙirji.

Hajiya shugaba tana tsaye a baranda, ta fito ne ta ce a rage hayaniya. Ta ga yaran nan sun yi zobe, kowace daga ƙasarta, fuskokinsu duk a kan 'yar tukunya ɗaya. Ta sauko a hankali ta tsaya kusa da ni. Can ta ce, "Malam, haka nig gani a Harami. Wallahi haka nig gani." Ta sa bakin mayafi ta share ido.

An zuba simintin lokacin hutu, kuma filin ya yi kyau. Amma a gindin dogonyaro an bar wani murabba'i na ƙasa tsura, an kewaye shi da bulo, an fitar masa da hanyar ruwa. Taswirar bana kuwa ruwan farko ya wanke ta tas, kamar yadda yake yi tun zamanin Yaya. Ita abin bai taɓa damun ta ba, takan ce ɗaliban baɗi ma suna da hannu.

Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar littafi da sunanta ba, ko hotonta mai kyau ɗaya ne a hannunmu. Abin da ta bari shi ne mata a gidaje da ofisoshi da asibitocin garin nan waɗanda suka san inda suke tsaye a duniya, suka kuma san cewa wanda ya juya wani gefe daban ba lalle ne ya ɓata ba. Ina kewarta har gobe, amma bana kewar ta zo da sanyi. Allah Ya sa aikin nan ya zame mata sadaka mai gudana, Ya haɗa fuskokinmu a inda babu rabuwa.

Da za mu rabu ranar da aka yi ginin lakar, Shafa ta wanke tukunyar ta miƙo min da hannu biyu. Na ce ta riƙe, ba a ɗakina ya kamata ta zauna ba. Ta ce, "To Baba, baɗi hwa?" Na buɗe baki zan kawo mata maganar gwiwa da tsufa, sai na ji kamar daga bayana ana cewa laka ake so, ba surutu ba. Na ce mata ta tanadi igiya.