Gidan da Yaya Ta Kasa Ɓatawa

Yayata ba ta taɓa sayar da gida ba, amma a unguwarmu in ka ji gida ya yi kasuwa da wuri, to bincika, hannunta ya bi ta kai. Mai Labule ake ce mata. Ni ce autar ɗakinmu, kuma ni ce telar da ke ɗinka mata labulen, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Sana'arta ita ce yi wa gida kwalliya kafin masu saye su zo gani. Dogo, wani dillalin gidaje mai zaƙin baki, shi ke kawo mata makullai. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ja numfashi. Hanci ne ke fara sayen gida, in ji ta, ido daga baya yake zuwa. Ba ta yarda da fesa turare a kan wari ba. Sai dai a buɗe tagogi, a wanke ƙasa da sabulu, a fitar da tsohon kafet ya sha rana. Daga nan ta sa a kwashe rabin kayan ɗaki, ko masu gida na kuka. Madubi ta kafa shi yana kallon taga, don haske ya ninku. Ƙofa mai ƙara ta ɗiga mata mai, famfo mai ɗiga ta kira a ɗaure masa baki. Labule kuwa, nan ne muke faɗa kullum.

"Auta, ƙara tsawo."

"Yaya, tagar nan ko ƙirjina ba ta kai ba."

"Ba taga nake sa wa riga ba, ɗaki nake ƙara wa tsayi. Daga rufi har ƙasa, kuma ya wuce tagar hagu da dama."

Ina ƙunƙuni ina ɗinkawa. Amma in aka rataya, wallahi ɗakin da ɗazu yake kamar akurki sai ka ji ka samu wurin miƙe wuya. Na daina musu da ita a zuci tun da daɗewa, a baki ne kawai ban daina ba.

Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai shiru-shiru. Allah bai ba su haihuwa ba. Gidan da suka zauna tun aurensu na mahaifinsa ne, shi da 'yan'uwansa maza biyu suka gada, suka bar shi a ciki don shi ne bai gina nasa ba. Tsohon gida ne. Bangon ɗakin kwana yana shan ruwa duk damina, kicin ɗin ba ya ɗaukar mutum biyu, da yamma rana ta buga falon kamar tanda. Amma baƙo bai taɓa lura ba, saboda Yaya ce a ciki.

Da mijin ya rasu, ko shekara ba a yi ba maganar sayarwa ta taso. Ƙaninsa ne ya tayar da ita, shi da ya girma a hannun Yaya, yake ce mata "matarmu" yana cin ƙanzon tukunyarta. Ba zan ce mugu ba ne, 'ya'ya sun yi masa yawa, kasuwa ta yi masa kaɗan. Amma na ji haushinsa, har yau ina ji. Abin da zai zo hannun Yaya in an raba ba zai saya mata ko ɗaki ɗaya ba, kowa ya sani. Babban wansu, dattijo ne mai kunya, shi ya raba gardama. Ya ce a ba Dogo gidan zuwa ƙarshen damina. In an samu mai saye da daraja, shi ke nan. In ba a samu ba, a raba gidan a sa 'yan haya a gefe ɗaya, ita ta zauna a ɗakinta da falonta har iyakar ranta.

Da 'yan'uwan mijin suka fita na rufe ƙofa, na ce, "Yaya, Allah ya kawo mana mafita. Ke kika san abin da ke sayar da gida, ke kika san abin da ke kore mai saye."

Ta dube ni kamar na ce ta yi sata.

Na ce, "Ba ƙarya za mu yi ba. Gaskiyar gidan kawai za mu bari a gani."

Ta daɗe tana murza bakin gyalenta. Sannan ta ce, "Fara da labulen falo."

Ranar har dariya muka yi, rabon da in ji dariyarta tun mijinta na da rai. Muka sauke labule duka, tagogin suka fito tsirara da tsatsarsu. Muka ja kwabar da ta rufe inda bango ke shan ruwa, baƙin tabon ya bayyana, faɗinsa ya kai tabarma. Madubin falo muka kifa shi a bayan gado. Na kwaso tsofaffin kekunan ɗinkina guda biyu da buhunan ƙyalle na jibge a hanya, yadda sai ka karkace za ka wuce. Ita da kanta ta sassauta famfon kicin. Ta ce wa Dogo ba ta da lokaci da safe, ya riƙa kawo mutane bayan la'asar, lokacin da falon ke tafasa.

Dogo da ya shigo ya gani, ya riƙe baki. "Mai Labule, ashe wanzami ba ya son jarfa?"

"Jiki ne babu ƙarfi, Dogo," in ji ta.

Ya gane, ba yaro ba ne. Amma ya ci arzikinta shekara da shekaru, sai ya rufa mata asiri.

Abin ya yi aiki. Mai saye ya shigo, ya ja hanci, ya dubi tabon bango, ya ce zai yi shawara. Wani ko ɗakin kwana bai ƙarasa ba. Ni ina murna, ina lissafin yadda ruwa ya fara ja baya. Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne Yaya. Ta daina zama a falo. Sai in same ta a kan kujera a tsakar gida, ta ba wa ɗakunan baya. In famfon nan ya ɗiga, kafaɗarta ta motsa. Ta rame. Na ce mata ta daure, saura ƙiris, ta ce ai tana daurewa.

Damina na gab da ɗaukewa Dogo ya kawo wata mata da ɗanta, wai ɗan ne zai saya mata. Irin matan nan ne masu magana kamar kowa kurma ne. Ta zaga, ta toshe hanci da mayafi, ta tsaya a gaban tabon. Yaya na tsaye a bayanta, ba ta san ita ce matar gidan ba, ko ta sani ba ta damu ba.

"A nan mamacin yake kwana?" ta tambayi Dogo. "Allah sarki bawan Allah. Mutum ya yini a kan hanya, ya dawo ya kwanta a wannan juji. Ai dole ciwo ya kama shi. Wasu matan dai Allah ya shirya."

Na buɗe baki zan wanke ta tas, Yaya ta damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Suka fita. Na ce, "Rabu da ita, bakinta ne. Ba ga shi ta tafi ba? Abin da muke so ke nan."

Yaya ta ce, "Bai taɓa kwana a datti ba, Auta. Ko sau ɗaya."

"Na sani. Duk unguwa ta sani."

"Ita ba ta sani ba. Haka za ta je tana faɗa."

Washegari da hantsi na zo da abin kari, tun daga waje na ji ƙamshin sabulu. Tagogi a buɗe. Na same ta a kan kujera tsaye, tana maƙala labulen falo.

"Yaya! Me nake gani haka?"

"Na falo ne kawai."

"Sauko, don girman Allah. Sati nawa ya rage?"

"Na falo kawai na ce miki. Riƙe mini nan."

Na ƙi riƙewa. Na yi faɗa, na yi magiya, na ce a titi take so ta kwana? Na ce matar jiya ba za ta dawo ba, wanda zai zo gobe bai san mijinta ba balle ya yi maganarsa. Kamar da bango nake. Da labulen ya hau, sai kujerun suka zama ba su dace da shi ba, ta gyara su. Da kujeru suka zauna, sai ta ga kusurwar ta yi duhu, ta ɗauko madubi. Hali zanen dutse. Tana aiki hawaye na zuba, hannun kuma bai tsaya ba. Ta san abin da take yi wa kanta, ta fi ni sani. Kafin azahar ta kankare tabon bango, ta shafa farin fenti, ta ɗaure famfo, ta sa an fitar da kekunana waje. Na zauna a tsakar gida na yi kuka na ƙoshi. Da na leƙa falon, ban taɓa ganin ta yi wa gidan kowa kyau irin haka ba.

Ta ce, "Kwana biyu kawai, in huce. Sai mu sake saukewa."

Ba a kai kwana biyun ba. Washegari da safe Dogo ya biyo da wani mai shagon magani da amaryarsa, ba ma nan ya nufa da su ba, wani gida ne a bayan layi. Amaryar ce ta hango labule ta taga, ta ce a tsaya. Dogo ya faɗa mini daga baya cewa ya yi ta jan ƙafa, ya ce gidan tsoho ne, ta ce ita dai a buɗe mata. Hasken safe ya cika falon. Yarinyar ta tsaya a tsakiya ta juya, ta dubi mijinta, shi ke nan. Yaya da bakinta ta gaya musu bangon ɗaki yana shan ruwa, ta kai mijin ta nuna masa wurin. Ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan aikin magini ne na yini ɗaya. Ko tayi bai tsaya ja ba.

Babban wan mijinta ya zo da kansa ya faɗa mata, kansa a ƙasa. Ya ce alkawari ne, ba yadda zai yi. Ta ce ta sani, Allah ya sa albarka. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Yanzu a ɗakin bayan shagona take, tsakanin bandir ɗin yadi da buhunan ƙyalle. Taga ɗaya ce, ƙarama. Na ce in ɗinka mata labule, ta ce in bari. Dogo ya kawo makullai sau da yawa, ta ce ya kai wa wani. Yini take a zaune, hannu a cinya, tana jin ƙarar kekena. Wani lokaci haushinta ya kama ni har in kasa kallonta, wani lokaci tausayi ya hana ni cin abinci. Ban san wanne ya fi yawa ba.

Watan jiya amaryar nan ta aiko. Wai ta shigo da kayanta, sun ƙi zama, gidan ya ƙi komawa yadda ta gan shi ranar farko. Dogo ya ce mata ai matar da ta fita ita ce gwanar, ko za ta taimaka ta zo ta jera mata, za ta biya.

Na ce wa ɗan aiken ya koma ya ce ba ta da lafiya. Sai na ji Yaya daga ciki tana cewa, "Auta, ɗauko tef ɗin awonki."

Na bi ta, don ba zan bar ta ta je ita kaɗai ba. Tun daga nesa na hango gidan. Sun canza fentin ƙofa. Da muka isa ta sa hannu a jaka tana laluben makulli, sai ta tsaya, ta zaro hannun babu komai. Ta ƙwanƙwasa. Muka jira.

Yarinyar ta buɗe da fara'arta, ba ta da laifin komai, baiwar Allah.

"Sannunku da zuwa, Mama. Ku shigo. Ku yi hankali da dokin ƙofar nan, yana da tudu, baƙi duk sai sun yi tuntuɓe."

Yaya ta dubi ƙasa. Ta ce, "To, 'yata, na gode." Ta tattare zaninta, ta ɗaga ƙafa a hankali ta tsallake.