Bawa da Kirikirin Unguwar Rimi

Yayana Bawa mutum ne da gaskiyarsa ke ba ni haushi har gobe. Farin 1984 ne ya koro shi daga ƙauyenmu na wajen Tsafe. Ya samu aikin gadina, mai kula da lambu, a gidan wani darakta a Unguwar Rimi, aka ba shi ɗaki a baya. Filin bayan gidan ya mayar gona, masara da kuɓewa da yakuwa. Da ita yake ciyar da matarsa Delu da yara biyar, har ni da ke aure a Malali ina samun na miya.

Sai aka kawo sabon darakta. Matarsa ta ce ita ba ta son gona a gida, shimfiɗar ciyawar ado take so. Bawa da hannunsa ya sare masarar da ta fara goyo. Ta miƙa masa gwangwanin irin ciyawa na ƙasar waje, ta ce ya shuka wannan ko ya nemo mata wadda ba ta mutuwa.

Na je na same shi, na ce, "Yaya, shuka ta gwangwanin. Rani ɗaya za ta ƙone, ƙasarka na nan. Mutanen nan shekara nawa suke yi a gida?"

Ya ce, "Yalwa, wadda ba ta mutuwa ta tambaye ni. In yi mata ƙarya?"

Wa ya ce ka yi ƙarya? Ka ja bakinka ka yi shiru mana! Ina, sai ya tafi bakin kogi ya haƙo kirikiri, ciyawar nan mai yaɗo da ta ƙarar da ƙarfin babanmu a gona. Ya dasa ta layi-layi, yana mata ban ruwa kamar mai renon jinjiri. Delu kuwa ta koma kaɗa kuka tsura, yara suna lasa suna kallon kore shar ta taga.

Ba a jima ba aka yi wa daraktan canji zuwa Legas, suka kwashe ko waiwaye babu. Wanda ya gaji gidan, dattijon kirki, ya ce, "Malam Bawa, noma abinka."

Ya kafce ciyawar, ya ƙone, ya tsince saiwa. Da ruwan farko ta dawo ta shaƙe masarar tun ba ta kai gwiwa ba. Damina bayan damina haka, har babban ɗansa ya bar makaranta ya kama tura baro.

Ran nan na tarar da shi a tsugune, duk ya rame, yana jan saiwa da yatsu. Raina a ɓace na ce, "Ka ga abin da na faɗa maka ko?"

Bai ko ɗago ba, ya ce, "Ai na dasa ta da kyau."