Hoton da Ya Sa Aka Liƙe Mana Rumbu

Jama'a, yau na ɗauko hoton da ya hana gidanmu cin tuwo!

Bayan magariba na hango tauraruwa mai wutsiya ta yamma da gonarmu. Na ɗauke ta da waya, na ruga gida na nuna wa kakata.

Wallahi sai ta ajiye lomar hannunta!

Ta ce, "Innalillahi! Rabona da ita tun shekarar da muka ci dusa."

Na ce, "Haba Iya, tauraruwa ce fa kawai."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta kira Baba ta ce, "Geron da za ka kai kasuwar Ɗanbatta, a mayar da shi rumbu."

Baba ya yi dariya, ya fita ya ɗaga kai sama. Ya daɗe a tsaye.

Yanzu haka yana kwaɓa ƙasar liƙe bakin rumbun.