Kujerar Gaba Da Na Zaunar Da Inna

A shekarun da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, ni ne mai kula da zauren taro a wata cibiyar al'adu a Tarauni. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ba na wasa da tsari. Kowace kujera da layinta, kowane baƙo da wurinsa, kuma abin da na shirya ba a canza shi. Ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi da iyalina da mahaifiyata, wadda na ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar Baba. Inna ta yi Hajji, ita ce ke jan matan layinmu zuwa Islamiyya, kuma ko haihuwa aka yi ita ake kira ta yi wa jariri addu'a.

Lokacin gari ya ɗauki zancen Shari'a, kowa yana sa ido a kan na kusa da shi. Cibiyarmu ta shirya taro bayan la'asar a kan tarihin kiɗa: malamin jami'a ya yi bayani, makaɗa su nuna misali, malamin addini ya rufe. Ni na jera kayan kiɗan, garaya da fari tunda ita ce ta dā, sai kalangu, sai mandiri. Na ce lallai Inna da ƙawayenta su zo su ga aikina. Da ta ji akwai garaya, ta ce ƙafarta na ciwo. Na ce na riga na yi magana da mai tasi. Ta ce to a zaunar da ita kusa da ƙofa. Na ce ƙofa wurin yara ne, dattawa gaba suke zama. Ta daɗe tana kallona, ta ce ni dai tun ina goye ba a juya ni, sannan ta ɗauki hijabinta.

Mai garayar tsoho ne. Ya nemi tsarin Allah, ya ce zai taɓa kiɗan 'yan bori kaɗan, don tarihi kawai. Ina tsaye a gefe. Da farko carbin Inna ya faɗi ba ta ɗauka ba. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Sai na ji wani gurnani daga ƙirjinta, da muryar da ba tata ba. A ƙauye na tashi, na san abin da nake gani. A bayanta matan layinmu ne, gefe kuma ga limamin masallacinmu. In na tsayar da kiɗan kowa zai waigo, in na bar shi za ta faɗi a gabansu. Na tsaya a inda nake ina kallo.

Wata maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa, Hajiyar da kullum suke musu da Inna a kan wa ya fi wani karatu, ita ta miƙe. Ta lulluɓe Inna da mayafinta, ta daka mini tsawa kowa na ji, wai hawan jinin uwata ya tashi ni kuma na ƙame kamar sojan da aka manta a gadi, in wuce in kawo ruwa. Na ga ta yi wa mai garaya wata alama da hannu, nan take ya sassauta kiɗan har ya mutu. Ta ja Inna ɗakin da muke ajiye kujeru. Ina isowa da ruwan na ji atishawa, na ji Hajiya ta yi hamdala. Hawan jini ba ya sauka da atishawa. Bori ne ke sauka haka, kuma Hajiya ta sani.

Inna ta kulle kanta a ɗaki, ta daina zuwa makaranta. Ni kuwa duk wanda ya tambaye ni jikinta a masallaci sai in riƙa duba fuskarsa ko da wata manufa. Daga baya Inna ta kira ni. Ta ce tana budurwa ta yi wata doguwar jinya aka yi mata girka, wato aka shigar da ita bori, ta tuba ta bar abin kafin ta auri Baba, tun daga nan take gudun garaya ko a rediyo. Ta ce ba ta so ɗanta ya sani ba, shi ya sa ta laɓe da ciwon ƙafa.

Wata safiya Hajiya ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna, ta ce in malalaciyar ba ta fito ba ita za ta ja wa matan layi karatu a Islamiyya, da karkataccen baƙinta, kowa ya sha kunya. Inna ta fito tana mita. Har suka koma ga Allah ban ji ɗayarsu ta tada zancen ba.

Ina jan kunnen masu hali irin nawa: idan babba ya ce a'a bai faɗi dalili ba, kada ka tsare shi da tsarinka. Wataƙila wani abu yake rufewa da ya fi ƙarfin faɗa. Har na bar aikin nan, kullum sai na ajiye kujera guda a bakin ƙofa, kuma duk wanda ya nema ina ba shi ban tambaye shi komai ba.