Kwalbar Goggo da Ruwan Randa

Goggona, yayar mahaifina, ita ce mace ta farko a unguwarmu ta Ƙofar Atiku da ta karanta ilimin sinadarai har ta koyar a jami'a. Bincikenta a kan yadda sinadarai ke ja-in-ja a cikin ruwa ne har su daidaita, da abin da ke karkatar da su. Gajeriya ce, ga faɗa, ga rowar yabo. Ni ma ba kanwar lasa ba ne, don haka mun sha kwasa.

Shekarar da na faɗi jarrabawar kimiyya, Baba ya yanke hukunci: boko ya ƙare, in koma rumfarsa ta hatsi. Na yi kuka, na yi yajin cin tuwo, ko a jikinsa.

Goggo ta ji labari. Ta taso daga unguwar Arkilla da rana tsaka, cikin zafin bazara, riƙe da 'yar kwalba a toshe. Ta sami Baba a zaure.

"Alhaji, sa a kawo min ruwan zafi da ƙanƙara."

Ina ƙanƙara, an kwana biyu babu wuta? Baba ya yi murmushi. "Yaya, ashe ilimin naku sai da lantarki?"

Ta harare shi, ta ce in ɗebo ruwa daga randar da ke gindin darbejiya. Ta tsoma kwalbar a ruwan zafi, ruwan cikinta ya koma shuɗi kamar na marina. Ta mayar da ita kwanon ruwan randa, a hankali ya yi ja-ja.

"Mi kika zuba mata?" in ji Baba.

"Ka ga na buɗe ta?" Sai ta miƙo min. "Kai, hwaɗa ma ubanka dalili."

Na san in na kasa, gobe ina bakin buhu da mudu. Na yi in-ina, sannan na ce launukan biyu duk suna ciki, zafi ke rinjayar da ɗaya, sanyi ya dawo da ɗayan, babu abin da ya ɓata.

Baba ya karɓi kwalbar, ya tsoma nan, ya tsoma can, da hannunsa. "To in ka san wanga, mi ya kayar da kai?"

"Baba, a allo kawai nake ganinsa. Yau na fara gani da ido."

Sai ya ce in sake rubuta jarrabawar. Goggo ko kallona ba ta yi ba. "Bayaninka rabi ne," ta ce. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Yau ni ke koyar da wannan darasi. Akwai firji a ɗakin gwajinmu, amma randa nake ajiyewa, ɗalibai na ta dariya. Duk abin da na zama, bayan Allah, ita ce sila.

Kafin rasuwarta ta zo ajina da sandarta, ta zauna a baya har na gama. Da za ta fita ta dafa kafaɗata.

"Yanzu bayaninka ya cika," ta ce. Allah ya jiƙanta.